Ganguna Huɗu a Falon Sabon Gida

Lokacin da muka fara ginin gidanmu a bayan unguwar Jambutu, ban sa baki a komai ba sai abu ɗaya. Maigidana ya zaɓi inda ƙofa za ta kalla, ya zaɓi yawan ɗakuna, har launin fenti shi ya zaɓa. Ni kuwa na ce a bar mini bango guda a falo, kada a huda masa taga, kada a jingina masa komai. Ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce kifi zan sa.

Ya yi dariya, don ya ɗauka wasa nake yi. Shi likitan dabbobi ne, ɗan garin Maiganga, a cikin shanu ya girma, kuma a wurinsa dabbar da ta isa a yi mata wuri a gida ita ce mai ƙafa huɗu. Da ya ga ni ban yi dariyar ba, sai ya gyara zama ya ce, "To, yi mini bayani."

Maganar ta samo asali ne shekara huɗu kafin nan. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti a nan Garwa. Wata shekara aka tura ni Duwala ƙarin karatu na wata uku. Malamin da ya koya mana gwajin ruwa wani dattijo ne mai sanyin murya, kuma ranar da muka gama ya gayyace mu gidansa cin abinci. A falonsa na ga abin. Akwatin gilashi ne, tsawonsa ya kai na gado, cike da ruwa garau kamar babu ruwan. An jera duwatsu a ciki, a kansu akwai wasu abubuwa masu kama da furanni, kore da ja da ruwan hoda, suna kaɗawa a hankali. Ga ƙananan kifaye, wani rawaya kamar ƙwaiduwa, wani shuɗi, suna shiga ramuka suna fitowa. Abokan karatuna suka duba, suka ce ya yi kyau, suka wuce wurin abinci. Ni na jawo kujera na zauna. Har abincin ya huce ban tashi ba.

Dattijon ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce waɗannan ba furanni ba ne, dabbobi ne, murjani ne mai rai, kuma ruwan na gishiri ne irin na teku. Ya ce ko a tekun Kribi ba a samun irinsu, daga wasu tekuna masu nisa ake kawo su a jirgin sama. Na ce masa ina so in yi irin wannan a Garwa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"A Garwa? Da wannan zafin naku?"

Na ce e.

Sai ya rubuta mini lambar wayarsa a bayan wata takarda. Ya ce, "In da gaske kike, gilashi shi ne abu na ƙarshe da za ki saya. Ki fara da wurin da za ki ajiye shi."

Shekara huɗu ina damunsa da tambayoyi. A gidan haya muke a lokacin, ɗaki biyu da falo, babu inda zan sa ko da bokiti. Amma ina da littafi mai baƙin bango da nake zane a ciki, ina rubuta sunayen kifaye da na murjani, ina sokewa ina sake rubutawa. Wannan littafin na ɗauko na buɗe wa maigidana. Ya bi shi shafi-shafi har ƙarshe, ya rufe, ya ce, "Sai ki yi magana da magini. Ni ban san ta inda ake kama wannan ba."

Maginin da ya riƙe mana aikin dattijo ne daga duwatsun Poli, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji a magana, kowa "ka" ne a wurinsa. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Madam. Na same shi a wurin ginin da safe, na gaya masa girman abin: tsawo mita biyu, faɗi santimita saba'in, zurfi sittin, ga kuma wani ƙaramin tanki da zai zauna daban don tace ruwa. Bai tambaye ni amfanin abin ba. Tsugunawa ya yi, ya ɗauki ƙusa ya yi lissafi a ƙasa, ya ƙara nauyin dutse da na gilashi, ya ɗago kai.

"Madam, wannan shanu uku ne. Shanu uku a tsaye wuri ɗaya, ba su motsi, dare da rana."

Maigidana yana gefe. A nan ne ya fara fahimtar girman abin da nake nufi, don na ga ya dubi ƙasan falon ya sake dubana.

Baba ya ce daɓen falo ba zai ɗauka ba, zai tsage cikin shekara biyu. Sai an haƙa wa wurin harsashinsa daban, a sa rodi, a zuba kankare, a ɗaga dakali. Ya ce ya taɓa gina tankin ruwa a wata majami'a a garinsu, har yau yana nan bai tsatsa ba. Na ji daɗi, na nuna masa bangon da na zaɓa, wanda duk mai shigowa falo shi zai fara gani. Ya dubi bangon, ya dubi sama, ya ce in dawo da la'asar.

Na dawo da la'asar daga wurin aiki, a kan babur, a gajiye. Ya kai ni gaban bangon ya ce, "Ka sa hannu." Na ɗora tafin hannuna, nan da nan na janye, kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Bangon yamma ne. Tun azahar rana take dukansa ta waje.

"In ka sa kifi a nan, ka dafa shi," in ji Baba.

Na san gaskiya ya faɗa, amma raina ya ɓaci. Shekara huɗu a wannan bangon nake ganin abin a zuciyata. Na ce masa zan yi tunani, na tafi, kwana biyu ban leƙa wurin ginin ba. Rana ta uku da na je, na tarar ya riga ya zana wani wuri da alli, a bangon ciki, wanda ya raba falo da ɗakin ajiya. Rana ba ta taɓa shi ta kowane gefe. Ya ce a huda bangon, gilashin ya zauna a cikin hudar, fuskarsa a falo, bayansa a ɗakin ajiya, inda za a ɓoye famfo da tiyo da duk wani abu mai ƙara. Ya fi nawa tsari kyau nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da ni." Ya ce, "Ba komai, Madam, kowa yana son bangonsa." Wanda ya yi asara shi ne maigidana, don a ɗakin ajiyar ya yi niyyar jera buhunan masararsa. Daga baya a bayan kicin aka yi musu rumfa.

Muka tare bayan damina ta ɗauke. Mahaifiyata ta taho tare da mu, don tun rasuwar mahaifinmu a wurina take. Dada muke ce mata, har maigidana. Ba ta taɓa ganin teku ba. Ruwan da ta sani shi ne Binuwai da tafkin Maga, inda yayana yake kamun kifi.

Dakali yana nan, huda tana nan, amma ban sayi gilashi ba. Dattijon Duwala ya gaya mini cewa murjani ba ya jure zafi, in ruwa ya haura digiri talatin ya daɗe a haka, sai ya yi fari ya mutu. Ya ce kafin in kawo wani abu mai rai, in san yadda ruwa yake yi a falona a watan Maris da Afrilu. Saboda haka na sayi ganguna huɗu na roba, shuɗɗa, irin waɗanda ake tara ruwa a ciki, na cika su, na jera su a kan dakalin. Ruwansu ya yi kusan daidai da wanda akwatin zai ci.

Haka baƙi suka riƙa zuwa yi mana barka da sabon gida. Su shigo su ga tayil yana sheƙi, ga sababbin kujeru, ga labule, sai kuma ga ganguna huɗu a tsakiyar bango. Wasu su yi kamar ba su gani ba. Wata maƙwabciyarmu ta kasa daurewa, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko famfonmu ne ba ya kawo ruwa, in haka ne in riƙa aikowa gidanta. Maigidana kuwa ya sami abin faɗa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Madam ce take kiwon ruwa."

Na sa ma'aunin zafi a ganga ta biyu. Matsalar ita ce lokacin da zafi ya fi tsanani ina wurin aiki. Dada ta ce ita za ta riƙa dubawa. Idonta ba ya ganin ƙananan lambobin, sai na ɗaura jan zare a jikin ma'aunin, daidai inda ba na so ya wuce. Kullum in ta idar da sallar azahar sai ta je ta ciro shi, ta kai bakin taga ta duba, ta kira ni.

"Bai kai zare ba," ta ce, ta kashe wayar. Ba gaisuwa, ba komai.

Duk lokacin sanyi haka muka yi. Har abokan aikina suka saba, in wayata ta yi ƙara da azahar sai wani ya ce, "Labarin zare ya iso."

Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida, ina nuna mata hotunan abin da nake so in sa. Na ce mata sunansa murjani. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta daɗe tana buɗe-buɗe, ta fito da wani tsohon ƙyalle a ƙulle. A ciki akwai murjaninta na wuya, ja, wanda ta gada daga mahaifiyarta.

"Wannan ma da rai yake?"

"Da can, Dada. Ɗan'uwan waɗannan ne, a ƙarƙashin teku ya tsiro."

"In aka mayar da shi ruwan gishirin zai farfaɗo?"

"A'a. Ƙashinsa ne kawai ya rage."

Ta juya shi a hannu, ta ɗaga shi sama ta duba. Ta ce, "Ikon Allah. Tun ina amarya nake rataya ƙashi a wuya ban sani ba." Ta yi dariya har da hawaye. Washegari akwai suna a unguwa, da shi ta tafi a wuyanta, kuma na ji labarin duk wadda ta zauna kusa da ita sai da ta ji bayani.

Ƙarshen Fabrairu Dada ta fara cewa, "Ya kusa." Sati biyu da shiga Maris ta ce, "Ya haye zare da yatsa guda." Na ajiye wayar na ci gaba da aiki, amma ranar ban ci abincin rana ba.

A cikin satin ne yayana ya zo daga Maga, da kwali cike da banda. Hamma nake ce masa. Tun yana saurayi yake cikin kwalekwale, hannuwansa duk sun yi kanta saboda jan taru. Ya shigo falo ya ga gangunan, na yi masa bayani, ya saurara har na gama.

"Kifin nan, ana cinsa?"

"Ba a ci."

"Sayarwa za ki riƙa yi?"

"A'a, Hamma. Kallo kawai."

Ya dubi Dada, ya dubi maigidana, ya ce, "Kuma ku kuna zaune kuna kallonta." Ya yi dariya sosai, har ya riƙe ciki. Ban ji haushi ba, don tun muna yara haka yake yi mini. Da ya gama, ya tashi ya buɗe murfin ganga ɗaya ya tsoma hannu har gwiwar hannu.

"Wannan ai ruwan wanka ne. Wa ya ce ki rufe su?"

Na ce saboda ƙura.

Ya ce su a Maga, in suna so kifi ya kai yamma da rai a cikin rabin ganga, ba sa rufe shi, kuma inda iska take kaɗawa suke ajiyewa. Ruwan da iska take shafa ba ya zafi. Dada ta ce ai shi ya sa ake ajiye randa a bakin ƙofa. Hamma ya cire murafan duka huɗu, ya jawo fankar tsaye daga ɗakinmu, ya karkata kanta yadda iskar za ta bi saman ruwan, ya kunna, ya koma ya zauna ya ci gaba da shan shayinsa.

Washegari da azahar Dada ta kira. "Ya sauko. Yana ƙasa da zare."

Kunya ta kama ni. Na karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma ban tuna ba sai da masunci ya zo ya cire murfi. Da na dawo gida na gaya masa haka. Ya ce, "To, ba ki ga ruwan ya ragu ba?" Na duba, ya ragu da kusan yatsa biyu a kowace ganga. Wannan ma darasi ne, domin in ruwan gishiri ne, ruwan ne zai tafi ya bar gishirin, kullum yana ƙara kauri. Ke nan sai na tanadi tataccen ruwa mai yawa da zan riƙa cikawa da shi. Na buɗe littafina na ƙara injin tace ruwa da tankin ajiya.

Hamma ya karɓi littafin ya ga zanen yadda zan jera duwatsu. Na tara su ne wuri ɗaya kamar tsauni. Ya girgiza kai. Ya ce kifin da ba shi da wurin ɓuya tsoro ne yake kashe shi, ba yunwa ba. Kuma kowane rami a yi masa ƙofa biyu, don in babba ya biyo ƙarami ta nan, ƙaramin ya fice ta can. Ya karɓi biro ya zana mini tsibi uku da hanyoyi a tsakaninsu. Ya ƙirga sunayen kifayen da na rubuta, ya ce sun yi yawa, za su yi ta faɗa. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da na aika wa dattijon Duwala hoton zanen, amsar da ya ba ni ita ce, "Wa ya yi miki wannan? Ki bi shi."

A watan Afrilu aka yi wata iska mai ƙarfi, irin ta gabanin damina, ta kayar da turakun wuta a hanyar unguwarmu. Kwana uku babu kuran, wato wutar lantarki. Fanka ta tsaya. Rana ta farko Dada ta ce yatsa ɗaya. Rana ta biyu ta ce biyu. Rana ta uku ba ta kira ba, ni na kira ta, ta ce, "Ki dawo dai ki gani da idonki."

Na dawo na tsoma hannu a gangar. Na zauna a ƙasa a gaban dakalin, ban ko cire takalmi ba. Ina ta tunanin da a ce akwai rai a ciki, da yanzu duk sun mutu, bayan an ɗauko su daga wata duniya an kawo su falona. Maigidana ya shigo ya same ni a haka. Na ce masa na haƙura. A toshe hudar, a sa talabijin a wurin, ko kuma in sa karfasar Binuwai, ita ta san zafin garinta.

Ya zauna a hannun kujera. Ya ce, "Me ya mutu?"

Na ce babu.

"To, ai don wannan ranar kika ajiye gangunan. Ruwa ne ya yi zafi, gobe zai huce." Ya ce in makiyayi ya zo masa yana so ya kawo saniyar waje mai yawan nono, ba ya hana shi. Yana ce masa ne ya fara yin rumfa, ya haƙa rijiya, ya shuka ciyawa, saniyar ta zo baɗi. "Ke ma naki su zo baɗi."

Wannan ne karo na farko da ya yi maganar abin ba da wasa ba. Har yau in na tuna ina jin daɗi.

Muka ɗage sayen gilashi shekara guda. A cikin damina aka sa mana faifan sola a kan rufi, da batura a ɗakin ajiya, waɗanda ba abin da za su riƙe sai famfon akwatin da fankoki biyu da wani ƙaramin injin sanyaya ruwa. Baba magini ya dawo ya yi wa ɗakin silin mai kauri, ya huda ƙaramar taga a sama don iska mai zafi ta riƙa fita, ya kafa rumfar zana a waje ta gefen da rana take faɗuwa. Da ya ga gangunan suna nan inda ya bar su, ya ce, "Madam, har yanzu kana kiwon ruwa?" Ashe maganar maigidana ta kai har wurinsa.

Dattijon Duwala kuma ya ce in soke duk murjani masu tauri, masu rassa kamar ƙahon barewa, don su ne suka fi saurin mutuwa. In fara da masu laushi, masu haƙuri. Na soke rabin abin da na rubuta. Akwai wani shuɗi mai rassa da na fi so fiye da kowanne, na daɗe da biro a hannu kafin na ja masa layi.

Bazara ta biyu ta zo da zafinta kamar kullum. Mu muna zufa a falo, ganguna suna shan iska. Tun daga Maris har ruwan farko ya sauka, ba ranar da Dada ta ce ya haye. A tsakiyar Afrilu maigidana ya ce kada mu jira iska ta gwada mu, mu gwada kanmu. Ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya da hannunsa, kwana uku muna kwana a tsakar gida, firij a kashe, muna sayen ƙanƙara a maƙwabta. Baturan suka riƙe. Ruwan bai ko matso kusa da zaren ba. Rana ta uku da ya mayar da wutar, ya ce, "Yanzu ki kira mai gilashi."

Gilashin ya zo falle biyar, kowanne kaurinsa ya kai na ɗan yatsa, an naɗe su da barguna da soso. Jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere, babbar mota ta ƙaraso da su Garwa. Wani mai haɗa akwatunan gilashi na kantuna shi ya haɗa mana, a kan dakalin, dattijon Duwala yana kallonsa ta waya yana gyara masa. Aka bar shi kwana goma ya bushe. Gangunan aka gangara da su waje. Dada ta riƙe biyu don wanki, maƙwabciyar nan da ta yi mini tayin ruwa ta karɓi biyu.

Muka fara cika shi da ruwan famfo, na shimfiɗa tsofaffin takardu a ƙarƙashi da gefe don in ga ko zai ɗiga. Sati guda takardun suna bushe. Muka zubar, muka wanke, muka fara tara tataccen ruwa, wanda ya ɗauki kwana biyar yana ɗiga daga injin kafin ya cika. Gishirin ba na miya ba ne, nasa daban ne, a bokitai ya zo, fari kamar garin rogo. Ranar Asabar da hantsi na auna na zuba, famfo yana juya shi, ruwan ya yi fari fat, sannan a hankali ya washe.

Dada tana zaune tana kallo tun farko. Da ya washe ta ce, "Yanzu wannan shi ne teku?"

Na ce kusan haka ne.

Ta aika aka kawo mata cokali. Ta ɗiba ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta tashi da sauri ta je ta tofar a tsakar gida. Ta dawo tana goge baki da gefen mayafi. "Kuma a cikin wannan suke kwana su tashi? Allah mai iko."

Na jera duwatsun yadda Hamma ya zana, tsibi uku, kowane rami da ƙofa biyu. Sai kuma jira, domin sai ruwan ya nuna kafin a sa masa rai. Sati shida kullum da safe kafin in tafi aiki ina ɗibar ruwa a ƙananan kwalabe, ina ɗiga magani, ina duba launi. Aikin da nake yi a asibiti ke nan shekara da shekaru, amma a nan babu mai jiran sakamako a bakin ƙofa da fargaba. Da yamma mukan zauna mu uku a gaban akwatin, ba komai a ciki sai dutse da farin yashi da haske mai shuɗi-shuɗi, muna shan shayi. Maigidana ya jawo kujerarsa ya mayar da ita wajen, ya bar talabijin a bayansa.

Kifayen farko biyu ne kawai, ƙanana, ruwan lemo da fararen zane. A jirgin sama suka zo daga Duwala, a cikin leda, a cikin kula. Maigidana ne ya je ya karɓo su, ya ce tun daga filin jirgi har gida bai bari motar ta faɗa rami ko ɗaya ba. Na bi duk ƙa'idar da aka koya mini, na riƙa ɗiga musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan har suka saba, sannan na sake su. Suka nutsa kai tsaye suka shige bayan dutsen tsakiya.

Kwana huɗu ba mu sake ganinsu ba. Maƙwabta suka ji labari suka zo, suka leƙa ta nan, suka leƙa ta can, suka tafi ba su ga komai ba. Abincin da nake zubawa yana ɓacewa, da haka na san suna nan.

Rana ta biyar, bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na fito da tsintsiya zan share falo. Na ɗaga kai na gan su a fili, su biyu, gefe da gefe, suna rausaya a gaban gilashin kamar masu koyon rawa. Na tsaya da tsintsiyar a hannu. Ina jin Dada tana jan carbi a ɗakinta, maigidana yana wanke mota a waje. Na buɗe baki zan kira su, sai na fasa. Na ajiye tsintsiyar a hankali, na zauna a ƙasa, na kalle su ni kaɗai har ruwan shayi ya tafasa a kicin. Sannan na tashi na je na kira Dada.